Kurciyar da Ba ta Kithira Ba

Duk abu mai faɗi da Minas Lourantos ya ɗauka, sai ya juya shi ya dubi bayansa kafin ya yi amfani da shi. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, in aka zauna shan kofi a zauren ƙungiyar 'yan Kithira, zai ɗauki busasshen burodin nan mai man zaitun da matan tsibirinmu ke gasawa, ya kifa shi a tafin hannu, ya duba, sannan ya tsoma a kofi. Haka yake yi wa ƙaramin faranti, da murfin kwalba, har da maɓallin da ya tsinta a ƙasa. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, da wuya ma in shi kansa ya san yana yi. Kowa ya san shi da gilashin duba kuɗi da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi, amma wannan juye-juyen ba wanda ya kula da shi. Kuma ba tun dā yake yi ba. Ya fara ne bayan ya haura saba'in, bayan abin da ya faru da kurciyar Thia Stamatia.

A Kithira aka haife shi, wani tsibiri na ƙasar Girka, a ƙauyen da ba shi da komai sai duwatsu da zuma da iska. Tun bai fara gemu ba aka sa shi a jirgin ruwa zuwa wurin kawunsa mai shagon abinci a Narrabri, wani gari a can wata ƙasa mai nisa, kamar yadda aka yi wa rabin 'ya'yan tsibirin. Aikinsa feren dankali da wanke-wanke. Akwai wani tsohon malamin makaranta, Mista Hollis, da ke zuwa karya kumallo kullum. Wata safiya ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar azurfa mai kauri, da hoton mujiya a jiki.

"Kai Bagirke ne," in ji shi. "Karanta min wannan."

Minas ya goge hannu a riga ya karɓa. Haruffa ne kaɗan a gefen mujiyar, irin waɗanda aka koya masa a ƙauye. Ya ce, "Atina."

A garin da yara ke bin 'yan Girka da sunayen tsokana, ranar ce aka fara neman wani abu a wurinsa don shi Bagirke ne. Daga nan bai sake rabuwa da tsoffin sulalla ba.

Da ya girma ya koma Sydney, ya buɗe shagon soyayyen kifi da dankali a Rockdale. Abin da ya samu, littattafai suka cinye, manya-manya masu hotunan kuɗaɗen biranen Girka na dā, kuma har yau in ka buɗe su ƙanshin man suya za ka ji. Masu tara sulalla suna haɗuwa wata-wata a wani ɗaki a saman laburare: likitocin haƙori, direbobin bas, wata tsohuwar nas. Da farko yana zuwa ya zauna a baya. Daga baya sai ya zama shi ake jira.

Yadda yake aiki ba ya canzawa. Ya ɗora kuɗin a ƙaramin sikeli, ya auna faɗinsa, ya kai shi bakin taga, don ya ce hasken lantarki maƙaryaci ne. Ya bi gefen da farce, ko zai ji ɗinkin da ke tona asirin jabu, wanda aka narka aka zuba maimakon a buga. Ba ya yarda a goge koren tsufan da ke jikin tagulla. Sai bayan duk wannan zai buɗe littafi. Kuɗi mai hoton kunkuru na Aigina ne, doki mai fukafukai na Korinti ne ko na garuruwan da suka fito daga gare ta, fure na Rodos. Sau da yawa kuwa yakan rufe littafin ya ce, "Ban sani ba tukuna," mai kuɗin ya koma gida yana gunaguni. Wannan "ban sani ba" ɗin ne ya sa aka amince da shi. Duk sabon da ya shigo ƙungiyar kuma, abu ɗaya yake fara ji daga bakinsa: kuɗi fuska biyu gare shi, kada ka raɗa masa suna sai ka ga duka biyun.

Sau ɗaya ya karya wannan doka, tun kafin ya fara koya wa wasu ita.

Ranar baikonsa ce da Diamanta. Dangin amarya sun cika gida, an ci gasasshen ɗan rago, ruwan inabi ya zagaya. Akwai ƙanwar mahaifiyar amarya, Stamatia, wadda kowa ke kira Thia, wato inna. Mijinta Vrettos, mai baki kamar reza, ya ƙwanƙwasa tebur da cokali.

"To, mai kifi, an ce ka san kuɗin matattu. Na masu rai dai mun ga ba su saba da kai ba."

Aka fashe da dariya.

"Stamatia, miƙa masa wuyanki ya gani. Kada ka daɗe a wurin, yaro, matata ce."

Abin wuyan 'yar tagulla ce da ba ta fi farcen babban yatsa ba, koriya shar, da kurciya a jiki ta buɗe fukafukai. Mahaifinta ne ya ba ta a bakin jirgi ranar da za ta bar tsibirin. An sa ta cikin gidan zinariya mai rufaffen baya, kuma leɓen gidan ya cinye gefen da ake sa ran ganin haruffa. Fuska ɗaya kawai ake gani.

Minas ya karanta a littafi cewa mutanen Kithira na dā sun buga kuɗi mai kurciya, tsuntsuwar gunkiyar ƙauna da suke bauta wa. Ya ɗaga kai. Mutum talatin sun zuba masa ido, Diamanta na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu.

Ya ce, "Ta Kithira ce. Tamu ce."

Thia Stamatia ta dafe abin a ƙirji, hawaye suka zubo mata. Vrettos ya tashi ya sumbaci Minas a kumatu biyu, ya ce daga yau ba mai kifi ba ne, Farfesa ne. Sunan ya bi shi.

Kurciyar ma ba ta tsaya a wuyan Thia ba. Aka zana ta a tutar ƙungiya. Ta hau katin gayyatar rawar shekara, ta hau kek ɗin biki, daga baya wasu jikoki suka sa aka tsaga musu ita a damtse. Mutanen da suka bar tsibiri da akwati ɗaya sun sami abin da za su nuna su ce, ga shi, tun kafin a san da wannan ƙasar muna da kuɗinmu.

Shekaru kaɗan bayan auren, Minas ya fara gane abin da ya yi. Akwai wani birni a babban yankin ƙasar, kusa da Korinti, mai suna Sikiyon, su ma kurciya suke bugawa, kuma tasu tana da yawa kamar tsakuwa. Ta sha biyowa ta hannunsa a saman laburare. Ta Kithira kuwa a hoto kawai ya taɓa ganinta. Abin da zai raba gardama yana ɗaya fuskar: ta Kithira kan gunkiyar take ɗauke da shi, ta Sikiyon zoben ganyen zaitun. Maƙerin zinariya kawai ake buƙata ya ɗaga bayan gidan, aikin da bai kai shan kofi ɗaya ba.

Bai nema ba. Shekara ta bi shekara bai nema ba. In ya je gaishe ta ranar Ista, kunnenta yake kallo, ko bangon bayanta. Ko Diamanta bai gaya wa ba. Da Vrettos ya rasu, Thia ta ce tana so a sassaƙa kurciyar a dutsen kabarinsa, tunda gawarsa ba za ta koma gida ba. Mai sassaƙar ya ce abin ya yi ƙanƙanta, a kawo masa babban zane. Minas ne ya zauna a teburin kicin ɗinta, ya sa gilashi a ido, ya zana. Ta yi ta yaba hannunsa.

Haka aka tafi har shekarar da ƙungiya ta gyara zaurenta. Shugaban ƙungiyar, Manolis, shi ne ya tsaya wa Minas da Diamanta a coci ranar aure, don haka kumbaro suke kiran juna. Ya tare Minas a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Kumbaro, albishirinka. Mun yi akwatin gilashi, Thia ta yarda ta ba mu kurciya. Ranar bikin Satumba za a buɗe, kai za ka yi jawabi."

"Da gidan zinariyar za a sa ta?"

"Haba! A cire ta mana. Har madubi na sa aka shimfiɗa a ƙasa, a ga gaba a ga baya. Ba kai ke damun mu da cewa kuɗi fuska biyu gare shi ba?"

Minas ya ce haka ne.

Shi aka ba ya kai wa maƙeri. Garo, Ba'armeniye mai ƙaramin shago a wani lungun kasuwa, ya daɗe yana yi wa mutanenmu zoben aure. Ya sa siririn ƙarfe ya bi leɓen gidan a hankali yana hira a kan ciwon gwiwarsa. Tagullar ta faɗo a kan ƙyallen fata, ta kife.

Shekaru a rufe sun adana bayan fes. Zoben ganyen zaitun ne, kowane ganye a fili, da harafin birnin a tsakiya. Ko gilashi bai buƙata ba.

Garo ya dubi kuɗin, ya dubi fuskar Minas. Bai san Sikiyon ba, amma ya san fuskar mutum.

"Ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"Jabu?"

"Ta gaske ce. Ta wasu ce kawai."

Garo ya ture gilashinsa sama. "Ji nan, Farfesa. In mayar da ita in rufe, ka ce musu Garo ya ce in aka cire za ta farfashe. Ni za su zaga, na saba. Matar nan ta kusa casa'in. Me za ka ci da shi?"

Minas ya dubi tagullar. Maganar ta yi masa daɗi, kuma daɗin da ta yi masa ne ya fi komai ba shi kunya. Ya ga kansa a tsaye gaban zaure yana jawabi, Thia a layin gaba, yana sake faɗin abin nan, wannan karon da saninsa. Dā yana iya cewa bai tabbatar ba. Yanzu wannan mafakar ta rushe.

"Naɗe min su daban-daban," in ji shi.

Gidan Thia Stamatia yana Kogarah, da itacen lemun tsami a gaba. Ya daɗe a mota kafin ya fito. Ita ce ta leƙo ta taga ta ƙwala masa kira.

"Farfesa! Motar ce ta lalace ko kai ne?"

Ta zaunar da shi a kicin, ta ɗora kofi, ta kawo ɓawon lemu dafaffe da sukari a ƙaramin faranti, da ruwan sanyi. Wuyanta ba komai, sai wani farin layi inda sarƙar ta saba kwanciya.

"Ci. Ka rame. Diamanta ta daina dafa abinci ne, ko littattafan kake ci?"

"Thia, na zo da magana."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

Ya warware takardar, ya ajiye tagullar a gabanta, zoben ganyen a sama. Ya yi bayani kamar yadda yake yi wa masu tara sulalla. Ya ce kurciya biyu ce, ya ce bayan ne ke rabawa. Ya ce wannan ta Sikiyon ce.

Ta sa tabarau ta sunkuya. Tun tana budurwa abin ke jikinta, yau ta fara ganin bayansa.

"Ina ne Sikiyon ɗin?"

"Kusa da Korinti."

"Ba tsibiri ba ne?"

"A'a."

Kofi ya tafaso ya zube a kan murhu, ba wanda ya tashi.

"Babana yakan je can wajen tsinkar inabi da rani," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Kowa yana zuwa, don a tsibiri ba aiki. Ya ce yana noma ya tsince ta. Bai ce min a ina ba. Ni ma ban tambaya ba." Ta ɗago kai. "Kai ne ka ce."

"Ni ne."

"Yau ka sani?"

Nan ne ya so ƙasa ta tsage. Zai iya cewa i, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

"Yau na gani. Amma na daɗe ina zargi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi babbar 'yata."

Ta cire tabarau ta ninke. "Ranar da ka zauna a kujerar nan kana zana wa Vrettos, kana zargi?"

Ya gyaɗa kai.

"Ashe tsuntsuwar baƙi na ɗora wa mijina a ka."

"Thia, kuɗi yana yawo. 'Yan kasuwa suna kai shi ko'ina. Ba mamaki wani ya kawo ta tsibirin tun zamanin dā, mahaifinki ya tsince ta a gonarku. Ba wanda zai iya cewa..."

Ta ɗaga hannu. "Dakata. Ka taɓa gaya min abin da nake so in ji, na saya, na rataya a wuya. Kada ka sayar min da na biyu."

Fuskarsa ta yi zafi kamar yana tsaye gaban kaskon suya.

Ta tashi da ƙyar, ta kashe murhu, ta goge kofin da ya zube. Da ta juya masa baya ne ta ci gaba.

"Da ka zo min tun lokacin, da na zage ka, Vrettos ya yi maka dariya shekara guda, shi ke nan. Shi ma ya fi son dariya da kurciya. Me ka ji tsoro? Ni?"

"Sunan da kuka ba ni."

"Farfesa." Ta yi tsaki. "Mu da muka ba ka don tsokana."

Ta dawo ta zauna. "Wa zai gaya wa Manolis da tutarsa?"

"Ni."

"Ba a waya ba. Ranar Lahadi, a zaure, ka tashi tsaye. Da bakin nan da ka faɗa, da shi za ka janye. Kuma kafin su ci abinci, don in suka ƙoshi ba sa jin magana."

"To, Thia."

Ya turo mata takardar da gidan zinariyar ke ciki, ya ce Garo zai iya mayarwa kamar ba a taɓa ba. Ta ce a bari. Ta miƙa hannu kan kanta ta sauko da wani tsohon gwangwanin biskit da take tara maɓallai da allurai, ta jefa tagullar ciki. Minas, wanda ya shekara arba'in yana hana mutane barin tsohon kuɗi ya gogi ƙarfe, ya ji ƙarar faɗuwarta a cikin maɓallai, ya buɗe baki, ya rufe.

Ranar Lahadin ya tashi ya faɗa. Wasu suka yi dariya, wani jikan da ke da zanen a damtse ya fita waje. Manolis ya ce tuta ta riga ta zama tuta, ba mai sauke ta, sannan ya daina kiransa kumbaro har bayan Ista. A akwatin gilashin aka sa wani tsohon dutsen guga da hoton jirgi. A saman laburare kuwa ba abin da ya ragu, ana nan ana jiransa wata-wata, sai dai ya daina gaya wa sababbi dokar nan da bakinsa, wasu ke faɗa a madadinsa. Thia Stamatia ba ta sake sa abin wuyan ba. A coci hannunta yakan tafi ƙirji da kansa, ya laluba, ya sauko, kuma Minas yana zama inda ba zai gani ba, amma yana gani.

A ranar da ya je gidanta dai, da ya miƙe zai tafi, bai san ko zai sumbace ta kamar kullum ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Ba ta dube shi ba.

"Gobe masu kwasar shara za su zo," in ji ta. "Ciwon bayana ba ya barina in jawo duro."

Ya zagaya bayan gida, ya jawo duron shara mai jan murfi, ya koma ya jawo mai rawayan murfi, ya jera su a bakin titi, ya matsar da su kaɗan daga motar maƙwabci don motar shara ta sami wurin ɗauka.